Matakala Ɗari da Sittin da Biyu

Ni tela ne a Valparaíso.
Shekara talatin da ɗaya ina auna ƙugun mutane,
tef ɗin awo ba ya kara, ba ya jin kunyar kowa.
Nawa ƙugun kuwa, sai dare ya raba nake buɗe masa wando,
in ƙara ƙyalle ta baya, inda madubi ba ya gani.

Likita Arancibia ta zana mini zuciya a takarda,
ta ce ga inda kitse ya tare hanya.
Na ce to.
Na gangara bakin teku na sayi soyayyen kifi,
da takardar na goge maiƙon hannuna.

Sai wata Talata akwatin ƙarfen nan
da ke jan mu zuwa saman tudu ya ƙi motsi.
Ga rigar rawar jikata Amaranta a hammatata,
shuɗiya, kwana tara ina ɗinkinta,
ƙarfe huɗu za ta hau dandamali a makaranta,
makarantar kuma tana can sama,
inda gidaje ke rataye kamar shanya.

A matakala ta arba'in da bakwai gwiwa ta ce ba da ita ba.
Na zauna. Ƙirjina yana dakan sakwara.
Tsohuwa Eduviges, mai shekara tamanin da wani abu,
ta wuce ni da kwandon albasa,
ta ce, Nibaldo, mutuwa ka yi ko hutawa kake?

Da na isa ana tattara kujeru.
Yarinyar na tsaye cikin rigar aro,
an kama mata kafaɗa da fil biyu.
Da ta yi kuka, da na samu abin lallashi.
Sai ta karɓi ledar, ta shafa hannuna, ta ce,
Ba komai, Kaka, ai na san ba za ka iya ba.

Allura ta sha sukata a yatsa,
ban taɓa jin wadda ta shiga kamar wannan ba.

Washegari, tun jiragen ruwa ba su yi kuka ba,
na fita da allin da nake zana yadi.
Hamsin. Na ja layi a bango, na dawo ina haki.
Jibi hamsin da uku.
Karnukan unguwa suka saba da ni,
wani baƙi mai kunne ɗaya yana jirana a ta sittin
kamar mai bin bashi.

Burodin safe daga huɗu ya koma ɗaya,
ɗayan ma muna kallon juna kafin in ci.
Kada in yi ƙarya: a bikin Satumba na zube,
nama, giya, kwana shida ban taka ko ɗaya ba,
ruwan sama ya wanke layukana kaf.
Na tsaya gaban bango ba shaida,
na ce ashe aikin banza na yi.
Amma da na ɗaga ƙafa, ƙafar ba ta manta ba.
Alli ne ya goge.

Ban sayi sikeli ba, ban san nawa na zubar ba.
Na dai san jiya na farke ƙyallen farko daga wandona,
faɗin yatsa uku,
na yi wa 'yar tsanar Amaranta siket da shi.

Yau layina yana ɗari da talatin.
Daga nan ana hango rufin makaranta, ja, da tsatsa a gefe.
Saura talatin da biyu, kuma su ne masu tsayi.
An gyara akwatin ƙarfe tun watan jiya,
mai karɓar kuɗi yana ɗaga mini hannu in zo.
Ina ɗaga masa nawa.

Disamba akwai wata rawa.
Na riga na yanka yadin, rawaya ta zaɓa.